Me ya hana manyan kamfanoni rabuwa da tsohuwar burauza?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka ku fahimtar da ni wani abu, domin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina aiki a ofishin sito na wani babban kamfanin rarraba kaya a Bompai, shekara ta bakwai ke nan. A ofishinmu akwai kwamfutoci biyar, huɗu sababbi, amma duk kayan da suka shigo ko suka fita sai an shigar da su a ta biyar ɗin, wata tsohuwa da ke lungu kusa da taga. Windows 7 ce a kanta, kuma sai ta Internet Explorer, tsohuwar burauzar nan, wato manhajar buɗe shafukan intanet, shafin kamfanin yake buɗewa daidai. In ka buɗe shi a Chrome komai zai fito, amma wurin da ake dannawa a tabbatar da kaya ba ya fitowa sam. An manna wata takarda a goshin allon da salatif, har ta yi ja saboda daɗewa, an rubuta kada kowa ya sabunta komai.

Jiya ta ƙame tun bayan Azahar. Tirela uku suna tsaye a ƙofa, direbobi suna ta leƙowa, ni ce a gaba, ni ake gani. Ban bar ofis ba sai bayan Isha, yarana suna gidan maƙwabta. Kamfanin nan ba talaka ba ne, bara ma aka sauya wa manyan manajoji motoci. To me ya hana su sauya wannan abu? Ni wayar hannuna ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

Ɗan Beirut Road:
Wa alaikumus salam. Sannu Anti, Allah ya ba da lada. Ni dai a ganina rowa ce kawai da rashin damuwa da ƙananan ma'aikata. Amma ki sani ba ku kaɗai ba ne. A shagona kusan duk wata sai an turo yaro daga wani kamfani yana neman tsohuwar kwamfuta mai faffaɗan ramin nan na baya da ake jona tsofaffin firinta. Wani lokaci sai na zagaya har Sabon Gari kafin in samo, kuma wallahi na sha sayar da irinta da tsadar da ta kusa ta sabuwa, saboda sun matsu.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Ilham, sannu da haƙuri. Na yi shekara 22 a sashen kwamfuta na wani banki kafin in ajiye aiki, kuma abin da kika bayyana na san shi kamar yunwar cikina. Ɗana na Beirut Road, akwai rowa a ciki, ban musa ba, amma ba ita ce tushen ba.

Burauzar ba ita suke ƙauna ba. Mukulli ce kawai. Abin da suke riƙe da shi shi ne ɗakin da take buɗewa, wato tsohuwar manhajar da duk lissafin kamfanin yake ciki. A farkon shekarun 2000 Internet Explorer ce ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet a duniya. Ta 6 ɗinta ta fito a 2001 tare da Windows XP. Duk wanda aka ba shi kwangilar rubuta wa kamfani manhaja a lokacin, ita yake kallo, bai ga dalilin wahalar da kansa da wata ba. Sannan Microsoft ta ƙirƙiro wata dabara mai suna ActiveX tun 1996, wadda take ba shafin intanet damar miƙa hannu cikin kwamfutar kanta: ya yi magana da firinta, ya karanta na'urar ɗaukar hoton yatsa, ya buɗe fayil. A lokacin abin ya zama kamar tsafi don sauƙi. To Chrome da sauran ba su taɓa karɓar wannan dabarar ba, domin ƙofa ce da ɓarawo ma zai iya bi. Ina kyautata zaton wurin dannawar nan naki da ba ya fitowa a Chrome, da irin wannan aka gina shi.

Kin ga ke nan sauya kwamfutar lungu ba ya warware komai. Sai an sake gina abin da ke bayanta gaba ɗaya, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ɗalibi Daga BUK:
Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Amma da girmamawa, ni ban ga wahalar ba. Manhajar sito ce fa, kaya su shigo, kaya su fita. Mu uku a ajinmu za mu iya rubuta sabuwa cikin wata uku. Kuma haɗarin zama a kan tsohuwar ya fi girma. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ta yi sallama da Internet Explorer ranar 15 ga Yunin 2022. Duk ɓarakar da masu kutse suka gano bayan nan, a buɗe take har abada. Ku tuna harin ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry a Mayun 2017. Asibitocin gwamnatin Ingila sai da suka soke ganin likita kusan 19,000, aka ƙiyasta asarar ta kai fam miliyan 92. Abin takaicin ma, Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a ɗora ba ne kawai.

Tsohon Injiniya:
Ɗana, duk abin da ka faɗa kan tsaro gaskiya ne, ban cire ko harafi ba. Maganar wata uku ce zan ja da kai.

Za ku iya rubuta manhajar da kaya za su shiga su fita. Abin da ba za ku iya ba shi ne sanin ƙa'idoji ɗari da ɗoriya da aka cusa wa tsohuwar cikin shekara 20, waɗanda babu su a kowace takarda. Dila kaza na Singa ana yi masa ragi in ya wuce katan kaza. Kayan da za su Maraɗi lissafinsu daban. In buhu ya fashe a hanya ga yadda ake raba asarar tsakanin direba da kamfani. Wanda ya rubuta waɗannan ya bar aiki, ko ya bar ƙasar, ko Allah ya yi masa rasuwa. Manhajar ce kaɗai ta sani. Ranar da kuka kunna sabuwarku, sai ku gano su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da mai ita a tsaye a ƙofa yana faɗa.

Mu a banki namu ya fi haka muni. Lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, daga bankuna 89 aka koma 25 a ƙarshen 2005. Banki huɗu ko biyar su haɗe su zama ɗaya, kowanne da manhajarsa, da yadda yake jera lambar asusu. Ba a samu lokacin gina sabo ba, sai aka yi ta ɗinki, wannan a jona shi da wancan. Na san ɗinkin da muka yi da niyyar wata shida, na bar aiki yana nan.

Kuma ba mu kaɗai ba. Bankin TSB na Ingila ya yi ƙaura zuwa sabuwar manhaja a Afrilun 2018, bayan dogon shiri da ƙwararru. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin asusun wasu. Abin ya ci wa bankin kusan fam miliyan 330, shugabansa ya sauka a watan Satumba. Duk wani shugaban kamfani da ya ji wannan labari, ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san ActiveX ba, amma na san abin da ya same ni a Kwari. Wajen Oktoban 2024, da wasu manyan bankuna suka ce suna sauya manhaja, na tura wa wanda nake sarin kaya a wurinsa kuɗi masu nauyi. An cire a wurina, shi bai gani ba. Kwana tara ina zarya. Dilar atamfa tana ajiye da sunana, ban isa in ɗauka ba, ga biki ya matso, masu anko suna ta kira. A lokacin cewa na yi da sun bar mana tsohuwar.

Amma kuma in na tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsohuwar ce ta kwanta da kowa ya koma tura kuɗi ta waya. A lokacin ne rabin layinmu suka buɗe OPay da Moniepoint. To Malam Injiniya, wanne za mu kama? A bari mu sha wuya, a sauya mu sha wuya.

Tsohon Injiniya:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Waɗancan sababbin da kika ambata sun yi sauri ne domin ba su gaji komai ba. A fili suka yi gini. Tsohon banki kuwa kamar mai son sauya harsashin gida ne alhali iyali suna ciki, ana girki, ana kwana.

Akanta:
Bari in shigo da ɓangaren da ba a so a ji, tunda ni nake zama a taron kasafi. Maman Ilham, ba kare su nake ba, ina gaya miki yadda takarda take zuwa teburi ne.

Shugaban sashen kwamfuta zai zo da buƙata: sabuwar manhaja, kuɗin lasisi, sababbin na'urori, horar da ma'aikata, 'yan kwangilar da za su kwashe bayanai. Kusan duk da dala ake biya. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Aikin da aka yi wa lissafi a bara sai ya ninka uku ba a taɓa komai ba. A teburin nan kuma akwai kuɗin dizal, da gyaran motoci, da albashi. Sai mai kamfani ya yi tambaya ɗaya: in na kashe wannan kuɗi, katan nawa zan ƙara sayarwa? Amsar gaskiya ita ce ko ɗaya. Sai ya ce tsohuwar tana aiki? A ce tana yi. Shi ke nan, a kai baɗi.

Akwai kuma wani abu. Yawancin tsofaffin nan sau ɗaya aka saye su, an gama biya tuntuni. Sababbin kuwa haya ce, duk shekara sai ka biya, kowane ma'aikaci da kuɗinsa. Ɗan kasuwar Kano da ya saba mallakar shagonsa ba ya son a mayar da shi ɗan haya.

Baban Khalifa:
Namu a masana'anta ya ma bambanta. Ina kula da layin injina a Sharaɗa. Akwai injin da aka kawo daga Turai tun ina saurayi, har yau ƙarfensa garau, zai iya ƙara shekara 15. Amma kwamfutar da ke ba shi umarni Windows XP ce, wadda aka daina kula da ita tun Afrilun 2014. Kamfanin da ya ƙera shi wani ya saye shi, sababbin masu shi suka ce ba su da manhajar da za ta hau sabuwar Windows, sai dai mu sayi sabon inji. Wa zai jefar da injin ɗaruruwan miliyoyi saboda kwamfutar da ba ta kai kuɗin babur ba? Abin da muka yi, mun cire ta daga intanet gaba ɗaya, mun toshe ramukan filashi da gam, mun sayi irinta biyu mun ajiye a kabad cikin leda saboda ƙurar hunturu. Wataƙila ma a wurin ɗan Beirut Road aka sayo su.

Ɗan Beirut Road:
Zai iya yiwuwa Yaya. To na janye rabin maganata, irin naku ba rowa ba ce. Amma na Anti fa? Nata ba inji ba ne, shafi ne.

Ɗalibi Daga BUK:
Na je na ƙara karatu bayan maganar Baba, kuma na yarda abin ya fi yadda na ɗauka. Hukumar harajin Afirka ta Kudu ma, da aka kashe Adobe Flash, manhajar da fom-fom ɗinsu na intanet suka dogara da ita, a ƙarshen 2020 ba su gama sauya su ba, sai suka fitar da burauzarsu ta kansu a Janairun 2021 don kawai Flash ya ci gaba da aiki. Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung, ta ɗaure harkar banki da sayayya ta intanet a kan ActiveX tun wajen 1999, suka yi shekaru suna fama kafin su kwance. Japan sai a 2024 ministansu Taro Kono ya sanar da cewa sun kawar da dokoki sama da 1,000 da ke tilasta miƙa bayanai a tsohon faifan fulofi. A Amurka kuma gwamnan New Jersey ya fito a Afrilun 2020 yana neman masu iya COBOL, yaren kwamfuta na 1959, domin manhajar biyan marasa aiki ta kasa ɗaukar jama'a lokacin korona.

Amma Baba, duk waɗannan ai sun nuna jinkirin ba ya hana biyan kuɗin. Ƙara shi yake yi, kuma ya zo a ranar da ba ka shirya ba.

Akanta:
Ƙanina, sabuntawar ma tana da nata. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa guda ɗaya mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka kwanta a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Waɗanda abin ya shafa su ne masu bin ƙa'ida, masu sabuntawa a kan lokaci. Wanda ya manna takardar nan a kwamfutar Maman Ilham ba mahaukaci ba ne, wataƙila ya taɓa sabuntawa ya ga abin da ya biyo baya.

Maman Ilham:
Na gode muku duka, wallahi na ƙaru, yanzu na san abin da ke bayan allon nan. Amma ku yi haƙuri, akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba, musamman a maganar Malam Akanta.

Ka ce ana tambaya ko tsohuwar tana aiki, a ce tana yi. Wa ake tambaya? Ni dai shekara bakwai ba a taɓa tambayata ba. Tana aiki ne domin ni da abokan aikina biyu muna ɗauke da ita a ka. Mun san in ta ƙame sai a kashe a jira minti goma. Mun san ba a shigar da kaya fiye da layi 40 a lokaci guda, in ba haka ba duk su goge. Mun san in wuta ta ɗauke kafin janareta ya kama, sai mun sake na ranar daga farko, shi ya sa nake rubuta komai a littafi da biro kafin in shigar. Aiki ɗaya sau biyu ke nan, kullum. Wannan duk ba ya zuwa teburinku, domin ba a biyan mu kuɗin ƙarin lokaci. Direban da ya kwana a ƙofa shi ma ba ya cikin lissafi. Da a ce duk ranar da ta tsaya daga albashin manaja ake cira, ina ganin da tuni an samo dalar.

Akanta:
Ba ni da amsar wannan, Maman Ilham. Gaskiya ne, abin da ba a rubuta ba ba ya zuwa gabanmu.

Tsohon Injiniya:
Maman Ilham, kin taɓo inda yake mini ciwo, kuma zan faɗi abin da ban cika faɗa ba. Sau uku ina cikin waɗanda suka sa hannu aka ɗage irin wannan aiki. Dalilan da muka rubuta duk na gaskiya ne, kuɗi, lokaci, haɗari. Amma akwai wanda ba mu rubuta ba. In na jagoranci sauyi ya lalace, sunana ne a kai, ni za a kira gaban hukumar gudanarwa. In na bar tsohuwar ta ci gaba da cin ran masu karɓar kuɗi a kanta, babu sunan kowa a kai, gado ne muka tarar. Kowane manaja yana lissafin shekara uku ko huɗu da zai yi a kujerar, yana addu'a kada ta fashe a hannunsa. Na tuna wata yarinya a reshenmu da take kuka a bayan kanta ranar biyan albashi, layi har waje, allo ya ƙame, mutane suna zaginta. Na wuce ta na hau sama. Har yau abin yana dawo mini.

Ga abin da zan ba ki shawara, tunda sake gina manhajar ba a hannunki yake ba. Burauzar Edge tana da wani yanayi da take kwaikwayon Internet Explorer a cikinta, kuma Microsoft ta yi alkawarin riƙe shi aƙalla zuwa 2029. Sau da yawa irin shafinku yana buɗewa a nan, har da wurin dannawar. In ya yi, za a iya ɗora shi a sababbin kwamfutocin nan huɗu, ku daina layi a kan guda ɗaya. Sai dai a tabbatar Windows 11 ce a kansu, domin ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Wannan ba magani ba ne, sayen lokaci ne, kuma dole a yi amfani da lokacin a fara kwashe aikin kaɗan-kaɗan, sito ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa da sabuwa suna tafiya tare har a tabbatar lissafinsu ya zo ɗaya. Kada ki gwada da kanki, mutanen sashen kwamfutarku za su yi. Ki kuma tambaye su yaushe rabon da a kwafi bayanan a ajiye a wani wuri, kuma an taɓa gwada dawo da su? In suka yi shiru, wannan ya fi komai gaggawa.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yata, littafin nan naki na biro kada ki raina shi. Ki riƙa rubuta ranar da ta tsaya, awa nawa, mota nawa ta jira. Mai kuɗi ba ya jin kuka, amma yana jin lissafi.

Maman Ilham:
Hajiya ai ina da shi, ban dai taɓa tunanin haɗawa ba. Yanzu na ɗauko na wata uku da suka wuce ina dubawa, duk ranar da ta tsaya na sa alama a gefe saboda in san inda zan ci gaba. Na ƙirga 14 zuwa yanzu, ban gama watan jiya ba. Malam Akanta, in na haɗa, ta wace siga zan rubuta shi yadda za a karanta a taronku?

Akanta:
Shafi ɗaya kawai. Kwanan wata, awannin da aka rasa, motocin da suka jira, da kuɗin da kamfani ke biyan mota in ta kwana. Wannan na ƙarshen ki tambayi mai kula da sufuri, yana da shi. Kada ki sa ƙorafi ko ɗaya, lambobin kawai. Ki turo mini in duba kafin ki miƙa.

Baban Khalifa:
Ki haɗa da na direbobin ma. Akwai masu ɗauko kaya tun daga Legas, in suka rasa juyin ranar sun rasa lodin komawa.

Maman Ilham:
To madalla. Gobe in sha Allahu zan fara da mai kula da sufurin, shi yana shigowa tun bakwai da rabi. Baba Injiniya, don Allah rubuto mini sunan yanayin nan na Edge daidai yadda zan faɗa wa yaron sashen kwamfuta, kada in je in kwaɓa.